Tukunya a sama, lambu a baya: yadda gidan giya ya zama gidan abinci a bakin Golden Gate

Wanda ya shiga lambun Golden Gate na birnin San Faransisko ta gabas, ya miƙe yamma, zai yi tafiyar kusan kilomita biyar a cikin itatuwa kafin iskar teku ta fara dukan fuskarsa. A daidai inda itatuwan suka ƙare, titi ɗaya ne tsakaninsa da yashin tekun Fasifik, akwai wani farin bene mai jan rufi da ake kira Beach Chalet. Nan abokan aikina suka gayyace ni cin abincin rana wata Asabar. Sai da muka hau sama na ga tankunan ƙarfe suna ta ƙyalli, na tambayi na kusa da ni ko na mene ne, ya ce ai giyar da ake sha a gidan a cikinsu ake dafa ta.

Na yi turus. Ni ba na sha, addinina ya hana, kuma abokan nawa sun sani. Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mutanen da na gani zazzaune: tsohuwa da jikokinta, mai jego da keken jariri, 'yan tseren keke da hulunansu a kan tebur, ga yara a bayan gida suna guje-guje a kan ciyawa. A wurinmu gidan giya wuri ne na bayan gari ko na bayan bariki, mai shiga yana waige-waige. A nan kuwa ga shi a bakin lambun da hukumar birni ke alfahari da shi, ginin ma na hukumar ne. Amurkawa suna kiran irin wannan wuri brewpub, wato gidan da ke dafa giyarsa da kansa, ya sayar a teburinsa tare da abinci. Da na bi diddigi, sai na tarar duk abin da na gani a ranar, tun daga faranti har zuwa iyakar ciyawar da aka yarda a zauna da kofi, doka ce da lissafin kuɗi suka tsara shi.

Kafin 1920 mashayun Amurka da yawa na kamfanonin giya ne, ko kuma kamfanin ya ba mai mashaya bashi da kujeru da kantar sayarwa bisa sharaɗin kada ya sayar da ta kowa sai tasa. Mai mashaya da bashi a wuya dole ya tura wa mutane giya ta kowace hanya. Wata sananniyar dabara ita ce abincin rana kyauta, mai gishiri sosai, don ƙishirwa ta sa a ƙara kofi. Magidanta suna ƙarar da albashi a kanta, mata da malaman coci suka tashi haiƙan, har aka kai ga haramta sayar da barasa a ƙasar baki ɗaya daga watan Janairun 1920. Haramcin bai yi ƙarko ba, ya dai azurta 'yan fasa-ƙwauri, aka soke shi ranar 5 ga Disamban 1933.

Da aka soke, jihohi suka ce ba za a koma gidan jiya ba. Sai aka raba sana'ar gida uku: mai dafawa daban, ɗan sari daban, mai sayarwa ga jama'a daban, kuma aka hana na farko mallakar na uku. Ma'ana, wanda ya dafa giya ba shi da ikon zuba wa baƙo a kofi ya karɓi kuɗi. Kusan shekara 50 gidan da ke dafawa ya sayar a teburinsa ba shi da gurbi a dokar Amurka. A tsawon wannan lokaci manyan kamfanoni suka yi ta haɗiye ƙanana, har ya zama a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giyar ƙasar duka ba su kai 100 ba, kuma kusan abu iri ɗaya suke fitarwa.

Ƙofar ta fara buɗewa ne a watan Oktoban 1978, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa don shan kansa. Abin mamaki, Carter mutum ne mai riƙo da addininsa, ba a san shi da shaye-shaye ba. Dubban mutane suka koyi sana'ar a ɗakin girki da garejin mota, wasunsu suka fara tunanin kasuwa. A 1982 wani haifaffen Sukotland mai suna Bert Grant ya buɗe gidan da ake ɗauka shi ne na farko tun bayan haramci, a garin Yakima na jihar Washinton. A shekarar ce kuma majalisar Kalifoniya ta amince da ƙudurin da ɗan majalisa Tom Bates ya kawo, wanda ya ba ƙaramin mai dafawa damar sayarwa kai tsaye, da sharaɗin a riƙa ba da abinci a wurin. A 1983 aka buɗe gida a garin Hopland, aka buɗe wani a garin Hayward, duk a Kalifoniya. Yau masana'antun giya a Amurka sun haura 9,000.

Wannan sharaɗi na abinci shi ne mabuɗin duk abin da na gani. Hukuma ta fi amincewa da wurin da mutum zai zauna ya ci ya sha fiye da wurin da zai tsaya a kanta yana kwankwaɗa da yunwa, domin abinci a ciki yana rage saurin shigar barasa jini. Kuma a Kalifoniya irin lasisin ne ke faɗin wa zai shiga. Mashaya zalla, wadda ba ta girki, ɗan ƙasa da shekara 21 ba ya taka ƙofarta. Wurin da aka yi wa rajista a matsayin gidan abinci na gaske kuwa, yaro zai shiga da iyayensa, giyar ce kawai ba za a ba shi ba. Jikokin tsohuwar nan lasisin kicin ne ya shigo da su. Ita ma ƙungiyar ƙananan masu dafawa ta Amurka, Brewers Association, ba ta lissafa wuri a rukunin brewpub sai yana sayar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na giyarsa a harabarsa, kuma yana da harkar abinci mai ƙarfi.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya sa mutum zai ɗauki wahalar sana'a biyu a rufi ɗaya. Ma'aunin giya a Amurka ganga ce mai galan 31, kimanin lita 117. Tulun ƙarfen da aka fi kai wa mashaya rabin wannan ne, yana cika kofi 124 na kofin da suke kira fayint, mai ɗaukar mililita 473. A ce kofi dala 8 ne: tulu ɗaya ya kusa dala dubu ke nan idan an sayar a tebur. In kuwa ɗan sari aka ba, mai dafawa yawanci ko rubu'in wannan ba zai gani ba, don ɗan sari zai ci, mai mashaya zai ci. Ga shi babu kuɗin kwalba, babu na gwangwani, babu na mota. Giyar tana tafiyar 'yan mitoci ne a bututu daga tanki zuwa famfo. Harajin gwamnatin tarayya ma da sauƙi ga ƙanana, dala 3.50 a kan kowace ganga har zuwa ganga 60,000 na farko, alhali cikakken harajin dala 18 ne.

Kicin kuwa ribarsa siririya ce. Nama da kifi suna lalacewa, masu girki da masu wanke-wanke da masu kai faranti duk albashi suke jira, a birni mai tsadar San Faransisko. Don haka a irin waɗannan gidaje abinci ne ke jawo mutane ya zaunar da su, giya ce ke biyan haya. Duk wanda ya duba takardar abincinsu zai ga alamar haka: soyayyen dankali, fuka-fukan kaza masu yaji, soyayyen kifi, burodi da nama da cuku, abubuwa masu maiƙo da gishiri. Dabarar mashayun da ce ta dawo, sai dai yanzu kai za ka biya kuɗin gishirin.

Yadda ake dafa ta ba zai zama baƙo ga wanda ya taɓa zama kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai ba, inda mata ke yin burkutu da dawa, ko arewacin Gana inda ake yin fito. Tushen ɗaya ne. Ana jiƙa hatsi ya yi tsiro, a shanya, a ɓarza. Su sha'ir suke amfani da shi. Ana dama ɓarzajjen tsiron da ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68, a bar shi kamar awa ɗaya, sinadaran da tsiron ya fitar su mayar da sitaci sukari. A tace ruwan zaƙin, a tafasa shi wajen awa guda tare da wani fure mai ɗaci da ƙamshi da suke kira hops, a sanyaya, a zuba yis. Yis ɗin ne ke cin sukari ya fitar da barasa da iska. Dusar da ta rage, manoma ke zuwa kwasa su ba shanu. In an duba, gidan burkutu ma gida ne da ke dafawa ya sayar a tsakar gidansa, kuma dalilinsa a fili yake: burkutu ba ya kwana da yawa, yana ci gaba da tsami, dole a shanye shi inda aka yi shi. Furen nan mai ɗaci da firiji su ne suka ba giyar Turawa tsawon rai. Kwarin Yakima, inda Grant ya buɗe gidansa, shi ke noma mafi yawan furen a Amurka.

Akwai wani ɗan lissafi a nan da ya ba ni sha'awa. Giya iri biyu ce manya. Wadda suke kira el tana nuna a yanayi mai ɗan ɗumi, digiri 18 zuwa 20, cikin mako biyu zuwa uku an gama. Laga, irin wadda manyan kamfanoni ke zubawa a kwalba, sanyi take so, kuma takan riƙe tanki wata guda ko fiye. Gidan da ke da tankuna ƙalilan a saman bene, yana biyan haya kan kowane taku, ba zai so abin da zai kwanta masa a tanki ba. Shi ya sa allunan waɗannan gidaje suka cika da el kala-kala. Mashaya suna ta musu kan ɗanɗano, mai gida yana ƙirga kwanakin tanki.

To me ya haɗa giya da lambu? Wannan sai an leƙa Jamus. A Bavariya, dokar 1553 ta hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, saboda ta lokacin zafi tana lalacewa, ga kuma tsoron gobara. Masu dafawa a Munich sai suka haƙa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a gaɓar kogin Isar, suka cika su da ƙanƙarar hunturu, suna adana giyar da za a sha har kaka. Don kada rana ta gasa ƙasar da ke saman ɗakunan, suka zuba tsakuwa, suka dasa wasu itatuwa masu faɗin ganye da saiwa marar zurfi, wadda ba za ta fasa rufin ba. Inuwa ta samu, giya mai sanyi tana ƙasa, sai aka jera benci. Masu gidajen abinci na cikin gari suka ga kasuwarsu ta koma gindin bishiya, suka kai kuka. Ranar 4 ga Janairun 1812 Sarki Maximilian na Ɗaya ya raba gardama: masu dafawa su sayar da giya da burodi, ban da wani abinci. Mutane suka fara zuwa da ƙunshinsu daga gida. Har yau a lambun giya na gargajiya a Munich kana da ikon shimfiɗa abincinka a tebur, abin sha kawai za ka saya. Wanda ke gindin wata hasumiya da ake kira Hasumiyar Sin, a cikin Lambun Ingilishi na Munich, yana ɗaukar mutum wajen 7,000. Bajamushe bai ɗauki wannan da wasa ba: a 1995, da kotu ta taƙaita lokacin rufe wani lambu saboda ƙarar maƙwabta kan hayaniya, dubban mutane suka fito zanga-zanga, daga baya gwamnatin jihar ta kafa wa lambunan doka tasu, wadda ta 1999 ta bar su har ƙarfe 11 na dare.

Dubi yadda abin ya juya. A Munich doka ta hana mai giya sayar da abinci don ta kare masu abinci. A Kalifoniya doka ta tilasta masa sayar da abinci don ta kare jama'a daga shan cikin yunwa. Kowanne ya haifar da al'adar da 'yan garin ke rantsuwa gadon kakanni ce.

Shi Beach Chalet ba don giya aka gina shi ba. Willis Polk ne ya zana shi, aka buɗe a 1925, tsakiyar shekarun haramci, ƙasa wurin hutawa da canza kaya na masu wanka a teku, sama gidan abinci. A 1936 zuwa 1937, lokacin da gwamnatin Roosevelt ke ɗaukar masu zane aiki don rage raɗaɗin karayar tattalin arziki, wani haifaffen Faransa, Lucien Labaudt, ya cika bangon ƙasan da zanen mutanen birnin: masunta, ma'aikatan tashar jiragen ruwa, iyalai a bakin teku. Na fi daɗewa a gaban bangon nan fiye da a kan tebur. A yaƙin duniya na biyu soja suka karɓe ginin, bayan yaƙi ƙungiyar tsofaffin soja ta mai da shi mashaya, daga baya aka rufe shi ya yi shekaru a kulle. An sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1981, amma shiga jeri ba ya gyara rufi. Sai wajen 1997 aka sake buɗe shi bayan gyara, ƙasa ya zama wurin karɓar baƙin lambu, sama aka ba 'yan kasuwa haya suka kafa tukunya da kicin. A 2004 aka ƙara wani gidan abinci a baya, Park Chalet, mai buɗewa kan ciyawa.

Ciniki ne tsakanin hukuma da ɗan kasuwa, kowa da abin da yake nema. Lambun Golden Gate eka 1,017 ne, ya fi Central Park na New York girma, kuma a kan tudun yashi aka kafa shi tun daga 1870, don haka kullum yana cin ruwa da kuɗi. Hukumar lambuna tana son haya, tana son gini mai mutane a ciki, domin kangon gini a bakin lambu matattarar ɓarna ne. Ɗan kasuwa kuma ya sami abin da ba zai iya saya ba: teku a gaba, itatuwa a baya, da jama'ar da ƙafarsu ta riga ta kawo su, sun gaji, suna jin yunwa. Ni dai ina da ja a kan wani ɓangare. Lambu na kowa ne, shiga kyauta, amma kujerar da ta fi kowace kallon teku sai mai iya biyan faranti. Masu kare tsarin suna cewa da babu hayar da ginin ya rushe, zanen ma babu mai ganinsa, kuma ƙasan a buɗe yake ga kowa ba sai ka sayi komai ba. Wannan gaskiya ne, na shiga na gani ban biya ko sisi ba. Duk da haka bene ya raba mu.

Iyakar kuwa ba ta wasa ba ce. Lasisin sayar da barasa a Kalifoniya yana tafe da taswirar harabar da aka amince, kuma kofin da aka zuba a ciki ba ya tsallake layin. Shi ya sa a irin waɗannan wurare za ka ga igiya ko 'yan tukwanen fure ko ƙaramin allo a gefen ciyawa. Taku ɗaya a ciki kai baƙon gida ne, taku ɗaya a waje dokar lambu da ta titi ce ke kanka, kuma ta bambanta daga gari zuwa gari. A lambunan New York, misali, an hana sha gaba ɗaya in ba a wurin da aka ba izini ba. Mai gida yana tsaron layin nan kamar ransa, don lasisinsa ne a kai. Haka yake tsaron katin shaidar shekaru, ko da mai furfura ne wani lokaci sai an tambaye shi.

Kasuwar dai ta fara sanyi. Anchor, tsohuwar masana'antar giyar San Faransisko da aka kafa a 1896, wadda Fritz Maytag ya ceto a 1965 har ta zama abin koyi ga ƙananan masu dafawa, ta rufe a 2023. Matasan Amurka ba sa sha kamar iyayensu. Gidajen da suka fi jurewa su ne masu wani abin nunawa ban da giya, kuma kusan kowanne yanzu yana da jerin abin sha marar barasa, wanda da can ruwa da lemon kwalba ne kawai.

Wannan ya kawo ni ga ɗan'uwa Musulmi da karatu ko aiki zai kai shi irin wannan gari, don ko ba daɗe ko ba jima za a gayyace shi, a can wurin taron abokan aiki ke nan. Akwai hadisin da ya yi hani da zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, kuma da yawa daga cikinmu a kansa suka tsaya, ba sa zuwa sam. Wanda ya ce ba zai je ba, ya faɗa a fili da fara'a, Ba'amurke ya saba jin haka, ba ya riƙe shi a zuci. Wanda kuma ya tsinci kansa a ciki kamar yadda na tsinci kaina, ya san cewa kofi shi ne mai sauƙin kaucewa, faranti ne mai wuya. Gidan da ke da giya a famfo yana zuba ta a girki. Ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya sau da yawa da giya ake kwaɓa shi, haka zoben albasa, haka miyar cuku, haka wani naman da aka daɗe ana dafawa. Naman alade kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba, 'yan gutsattsari a kan salak ko a cikin miyar kifi mai kauri da San Faransisko ta shahara da ita.

A wani gidan daban, a wani gari, na taɓa yin odar kifi da dankali ina ganin na tsira, ai kifi ne. Na ci rabi sai wata abokiyar aiki, dattijuwa, ta duba takardar ta ce, "Ka kuwa karanta ƙasan layin?" Da ƙananan haruffa an rubuta sunan giyar gidan da aka kwaɓa ƙullun da ita, a matsayin abin alfahari. Laifina ne, ban karanta ba. Kuma zancen da ake yi cewa wuta tana ƙone barasar duka ba haka yake ba, tana raguwa ne gwargwadon daɗewar girkin. Tun daga ranar nake tambayar mai kawo abinci kai tsaye, kuma suna amsawa ba tare da ɓata rai ba, sun saba da masu cutar da ke hana su cin wasu abubuwa. Haka ita ma giyar da aka rubuta wa marar barasa: a dokar Amurka tana iya ɗauke da abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, ba irin Maltina ba ce. Abin da suke kira root beer kuwa, duk da sunan, lemo ne mai zaƙi na yara, sai in an rubuta masa kalmar hard. In an zo biya, a tuna da ladan mai kawo abinci, kashi 18 zuwa 20 na kuɗin, kuma idan za a raba lissafi daidai wa daida, mai shan lemo yana da ikon cewa a cire masa nasa daban, kada kuɗinsa ya shiga na giya.

A ranar Beach Chalet gasasshen kifi na ci, bayan na yi tambayoyina, da ruwan lemon tsami. Wajen la'asar hazo ya taso daga teku kamar yadda yake yi a can ko a tsakiyar bazara, masu zaman ciyawa suka fara jan riguna, iyaye suna kiran yara. Na yi wa abokaina sallama na sauko, na bi ta gefen tsohon injin iska na 1903, wanda aka gina don ya jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa ya shayar da lambun. Na sami wani lungu a bayan itatuwa na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla, sannan na fita titin Fulton na jira bas mai lamba 5.